Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Darasin Tsara Aiki Daga Teburin Masu Fentin Sojojin Roba

A Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da manyan mutane, har da masu furfura, suke zuba wa kuɗi da lokaci. Mutum zai sayi ƙananan sojojin roba, tsawon kowanne bai fi milimita 28 zuwa 32 ba, ya harhaɗa su da gam, ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya da siririn buroshi, sannan ya jera su a kan tebur ya kara da abokin hamayyarsa. Ana auna tafiyar soja da tef ɗin awo, ana yanke hukuncin harbi da ƙwayar lido.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne masu wannan wasa suna fama da wata cuta da mu ma muka sani: a fara aiki biyar, a kasa gama ko ɗaya. Kuma maganin da masu hankalin cikinsu suke sha, shi ne dai lissafin da ake koyarwa a darasin tsara aikin masana'anta. Teburin mai fenti 'yar ƙaramar masana'anta ce mai ma'aikaci ɗaya, shi ya sa lissafin yake fitowa fili a kansa.

Asalin wasan

Tushen abin daga bariki yake. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasan yaƙi na kan taswira don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan ɗan Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin Little Wars, mai ƙa'idojin wasa da sojojin wasan yara. Kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a kasuwar yau shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa tana Nottingham. Shi ya fito da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987.

Kafin soja ɗaya ya hau tebur sai ya bi matakai. A yanko gaɓoɓinsa daga jikin firam ɗin roba, a kankare tabon da injin zubi ya bari, a manne. A fesa masa fentin shimfiɗa don sauran fenti ya kama. A shafa manyan launuka, a bi da wani fenti mai ruwa-ruwa da yake gangarawa cikin lunguna ya fito da inuwa, a haska gefuna da launi mai haske, a gyara gindin da sojan yake tsaye a kai da yashi ko ciyawar roba, a ƙarshe a fesa banish. Runduna ɗaya tana iya kaiwa sojoji hamsin ko fiye, ban da tankoki. Ka ga aikin ba na wasa ba ne, duk da sunansa wasa.

Yadda tuli yake taruwa

Sayen kwali minti biyar ne, fentin abin da ke cikinsa kuwa makonni. Nan matsalar take. Sabon kaya ya fito, ido ya gani, hannu ya shiga aljihu. Kafin ka ankara ga runduna an harhaɗa ba fenti, ga wata an yi rabi, ga kwalaye ko ledarsu ba a cire ba. Su da kansu suna kiran wannan tarin da sunan da ke nufin tulin abin kunya.

Kuma akwai asara ta gaske a ciki. Ana sabunta ƙa'idojin Warhammer 40,000 a kai a kai: bugu na takwas a 2017, na tara a 2020, na goma a 2023. Duk sabon bugu yakan canja ƙarfin sojoji, wasu ma a cire su daga gasa. A 2015 kamfanin ya rufe tsohon Warhammer ya maye gurbinsa da Age of Sigmar. Wanda ya ajiye rundunarsa a kwali yana cewa sai ya samu lokaci, yana iya buɗewa ya tarar zamani ya wuce ta. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

Lissafi na farko: a jere ko a tare?

Mu ɗauki misali. Mai fenti yana da awa 6 a mako. A gabansa akwai ƙungiyoyi uku na sojoji goma-goma, kowace tana cin awa 12. Jimilla awa 36, wato mako 6.

Idan ya raba lokacinsa daidai, kowace ƙungiya awa 2 a mako, duka ukun za su ƙare a mako na 6. Mako biyar cur ba shi da ko ƙungiya ɗaya da zai ɗora a tebur. Idan kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ta farko za ta ƙare a mako na 2, ta biyu a mako na 4, ta uku a mako na 6. Awannin ba su canja ba, ta ƙarshe ma ba ta makara ko da kwana ɗaya ba, amma biyu sun fito da wuri. Matsakaicin jira ya sauko daga mako 6 zuwa mako 4, kyauta.

Wannan ma mun yi wa mai rabawa adalci da yawa, don ba mu sa lokacin sauyi ba. Duk sanda ya bar jajayen sojoji ya koma kan koraye, sai ya wanke buroshi, ya kwashe kwalaben fenti, ya fito da wasu, ya girgiza su, ya tuno inda ya tsaya. A ce minti 15 ne. Sauyi uku a mako ya zama minti 45, wato kashi ɗaya cikin takwas na lokacinsa ya tafi ba tare da buroshi ya taɓa roba ba. 'Yan wokshop sun san wannan: lokacin da ake ɗaure ƙarfe a inji ana saita shi, ba a yanka komai.

Dokar Little

A 1961 wani masanin lissafi Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da wata doka mai sauƙin faɗa. A tsarin da shiga da fita suka daidaita, matsakaicin yawan aikin da ke hannu daidai yake da saurin gamawa sau tsawon lokacin da kowane aiki yake ɗauka. Juya ta: tsawon jira shi ne yawan aikin da ke buɗe, a raba da saurin gamawa.

Mai fentinmu yana gama soja 5 a mako. Idan soja 60 ne a buɗe a teburinsa, kowane zai yi kamar mako 12 tsakanin farawa da gamawa. Idan 15 ne a buɗe, mako 3. Hannun ɗaya ne, buroshin ɗaya ne. Dokar tana cewa hanya biyu ce kawai ta rage jira: ko ka ƙara sauri, ko ka rage abin da ka buɗe. Ƙara sauri sai da shekaru na gogewa. Rage buɗewa kuwa yau ɗin nan za ka iya.

A kan wannan tunanin kamfanin Toyota ya gina tsarin kanban a zamanin injiniya Taiichi Ohno: ba a ƙera sabon abu sai na gaba ya nema. Ga mai fenti, fassararsa ita ce kada a yage ledar sabon kwali sai an sauke wani aiki daga tebur.

To, a riƙe ɗaya tak kenan?

A'a. Nan ne masu zafin kai suke zarcewa. Akwai dalili biyu da suka sa aiki ɗaya tak ba ya wadatarwa.

Na farko, fenti yana da lokacinsa. Fentin inuwa mai ruwa-ruwa sai ya bushe sarai kafin a ɗora wani a kansa, in ba haka ba ya dame. Mai amfani da fentin mai yakan jira kwana ɗaya ko fiye. Feshi kuma yana da ruwa da yanayi: banish da aka fesa ranar da iska ke da laima yakan bushe da fari-fari kamar an barbaɗa gari, ya ɓata aikin mako guda. A irin wannan jira, mai aiki ɗaya sai dai ya zauna ya naɗe hannu.

Na biyu, mutum ba inji ba ne. Wanda ya fenti takalmi na arba'in iri ɗaya, ransa ya fara gundura, kuma gundura ita ce take tura shi shago ya sayo sabon kwali. Gara ya sami wurin hutawa a cikin gida.

Saboda haka tsarin da ya fi zama shi ne babban aiki ɗaya da ƙarami ɗaya. Babban shi ne rundunar da ake son kai wa wasa, shi ke cin mafi yawan awanni. Ƙaramin kuma jarumi guda ne ko wani dodo, wanda ake komawa kansa lokacin bushewa ko gajiya. Sharaɗin shi ne su bambanta a mataki: in ɗaya yana matakin fenti, ɗayan ya zama yana matakin yanka da manni, don kada su yi rububin kayan aiki ɗaya. Na uku ba ya shigowa sai ɗaya ya fita.

Wanne za a fara?

Idan tulin ya riga ya taru fa? Akwai ƙa'ida a ilimin jera ayyuka: in ma'aikaci ɗaya ne, fara da mafi gajarta yana rage matsakaicin jira. Ga ayyuka uku, na awa 2, na awa 6, da na awa 20. Ka fara da gajere, za su ƙare a awa ta 2, ta 8 da ta 28. Matsakaici bai kai awa 13 ba. Ka fara da dogon, za su ƙare a awa ta 20, ta 26 da ta 28; matsakaici ya kusa awa 25. Kusan ninki biyu.

Abin da ke karya wannan ƙa'ida shi ne wa'adi. In akwai gasa nan da mako huɗu, rundunar gasar ce a gaba, komai tsawonta. Sai a ƙirga daga ranar gasa a dawo baya, a ga ko awannin sun isa. In ba su isa ba, tun yau a rage buri, ba daren gasa ba.

Sojoji masu kama ɗaya kuma a yi musu fentin layi: a jera goma, a shafa wa dukansu launi ɗaya, kafin a kai na goma na farko ya bushe. Amma kada layin ya yi tsawo. Biyar zuwa goma ya isa, don layin arba'in shi ma aiki ne buɗaɗɗe da ba a ganin ƙarshensa.

A san inda "an gama" yake

Da yawa ba rashin lokaci ne yake hana su gamawa ba, rashin sanin wurin tsayawa ne. Ba kowane soja ne zai je Golden Demon ba, gasar fenti da kamfanin yake shiryawa tun 1987, inda mutum kan shafe watanni a kan abu ɗaya. Sojan cikin runduna daga nesa ake kallonsa, a tsakiyar 'yan'uwansa. Ƙa'idojin gasa na bugu na tara da na goma suna ba da maki 10 cikin 100 ga rundunar da aka yi wa fenti daidai gwargwado, da gindinta a gyare. Ba a ƙara ko maki ɗaya don kyau. Fentin Contrast da ya fito a 2019 ma don haka aka yi shi: shafa ɗaya ya ba da launi da inuwa tare. Kafin a fara, a yanke matakin da za a tsaya, a rubuta shi.

Rubutu kuwa wajibi ne. Duk aikin da za a jingine, a rubuta launukan da aka yi amfani da su, da yadda aka gauraya su, da matakin da aka kai. Wanda ya haɗa wani kore da ka, ya dawo bayan wata huɗu, zai ƙare da rabin runduna kore shar, rabi kamar ganyen da ya kwana. Minti biyu na rubutu yana ceton awa guda na lalube.

Gwaji gare ka

Ba sai ka taɓa ganin sojan roba ba. Ɗauki takarda ka ja layi biyu, ta rabu gida uku: jira, a hannu, an gama. Rubuta duk abin da ka fara baka ƙarasa ba a wannan zangon: babi na biyu na furojet, littafin SIWES da ba a cike ba, rahoton furatikal, samfurin ginin da 'yan zanen gine-gine suke manna wa kwali, wayar da ka karɓa za ka gyara, ɗinkin da ka yi alkawari. Gaban kowanne sa awannin da suka rage, da ranar wa'adi in akwai.

Yanzu ƙirga abin da ke gidan tsakiya, ka raba da adadin da kake gamawa a mako. Amsar ita ce makonnin da kowane aiki yake kwana a hannunka. In ta ba ka tsoro, bar biyu kawai a tsakiya, babba da ƙarami, sauran su koma layin jira, mai wa'adi a gaba, sai mafi gajarta. Bayan mako biyu sake lissafin ka kwatanta.