Fenti Ba Ya Yanka Ƙarfe

Tun ranar Asabar raina yake ɓace. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Kubwa, ya zo har shagona a Apo ya ce, "Injiniya, zo ka taya ni murna, na sayi let." Shekara da shekaru yana zuwa wurina ya zauna a benci yana kallon yadda nake fitar da bushin da shaf a kan let, injin yanka ƙarfe. Burinsa idan ya yi ritaya ya samu ɗan injinsa a bayan gida, ya riƙa taɓa aiki don jin daɗi, ya kuma koya wa autansa. Da giratuti ta fito sai ya yi ciniki da wani dillali ta WhatsApp. Bidiyo ɗaya aka turo masa: inji na juyawa, fenti na sheƙi. Ya tura kuɗi, aka loda masa a mota.

Na je na gani. Colchester Student ne na gaske, ƙirar Ingila, mai zagayayyen kai. Sunan ba ƙarya ba ne, amma injin ya gama yayinsa. Na ɗora farce a kan gado kusa da cok, farcen ya maƙale a wani kwari da shekaru suka haƙa. An bi wurin da takardar goge ƙarfe don ya yi haske. Na ɗan matse makullin keken a nan, na murza shi zuwa wutsiya, ko rabin tafiya bai yi ba ya cije. Na kankare fenti a ƙasan kai da sukundireba, sai ga bodi fila, a ƙarƙashinta kuma walda a kan kas. Na buɗe murfin giya, haƙora uku sun karye, ga ɓarɓashin ƙarfe a cikin mai kamar tsaki. Ƙarshen abin takaici, moton na wuta mai layi uku ne, gidan Baba kuwa layi ɗaya AEDC ta ba shi. Ko kunna shi bai taɓa yi ba.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zai gyaru?" Na rasa ta cewa. Gadon nan sai an sake goge shi a babban inji, kuma kuɗin haka da na ɗauka da na giya zai kai kuɗin wani injin. Dillali kuwa ya daina ɗaga waya. Baba ya zauna a kan galan, ya cire hula, bai sake cewa uffan ba.

To ku ji. Ba a cinikin biri a sama. Let gado ne, sauran duk kayan canji ne. Fenti ba ya yanka ƙarfe.

Wallahi na gaji da masu kirana bayan sun biya. Me ya hana ka kira ni kafin nan? Kuɗin motata da na yinina nawa ne a kan abin da za ka zubar? Sabon fenti a kan tsohon inji ni tsoro yake ba ni. Gara in tarar da shi da baƙin mai da dattinsa, in ga gaskiyarsa. Waɗanda ke fesa fenti har a kan gado da ramukan zuba mai ba masu gyara ba ne, mayaudara ne.

Suna ma kada ya ruɗe ka. Farantin suna da ƙusa huɗu ake manna shi. Nemi lambar da aka buga a jikin gadon, galibi can wajen wutsiya, da ita ake gane shekarar ƙira. Myford ML7 ya fito a 1946, Super 7 a 1953, ƙanana ne masu kyau ga mai aikin gida. Boxford a kan tsarin South Bend na Amurka mai inci 9 aka ƙera shi, kuma makarantu sun yi amfani da shi sosai. Harrison M300 ma inji ne na kirki. Amma kowannensu idan gadonsa ya cinye, kayan 'yan gwangwan ne, da kilo za a auna shi. Wanda ya fito daga makarantar koyon sana'a sau da yawa ya fi na masana'anta sauran rai, sai dai ka duba inda yara suka sha kai wa cok karo.

Ko Panteka ta Kaduna za ka je, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Owode Onirin a Legas, tafi da wanda ya san aikin. Ka sa a kunna. A bi kowane gudu ɗaya bayan ɗaya kana saurare. A ɗaura ƙarfe a yanka tsawon inci 6 ba tare da tallafin wutsiya ba, a auna farko da ƙarshe da maikuromita. Mai inji ya ce babu wuta? Ka ce za ka dawo ranar da aka kawo. Ya ƙi? Kama hanyarka.

Ƙirga giyoyin canji. Tsofaffin injinan Ingila da Amurka da yawa na inci ne, motoci da baburan da ke titunanmu kuwa na milimita, kuma a irin su Myford sai da giya mai haƙori 127 za ka yanka zaren milimita daidai. Girgiza cok ka ji boris. Tambayi layin wuta, mai layi uku ne na 415 ko mai layi ɗaya na 230. Na sake faɗa, tambayi layin wuta kafin ka biya.

Wurin ɗauka kuma, nauyin let a sama yake, kifewa yake yi. Kada a zura igiya ta kan sandunan gaba, lanƙwashewa za su yi. Kuma don Allah kada wanda ya tsaya gaban cok da babbar riga.

Injin Baba yana nan a bayan gida an lulluɓe shi da tamfol. Idan kana da niyyar saye, ka je da ƙafarka, ka taɓa gadon da hannunka, sannan ka fitar da kuɗi.