Ke Ce Idon Mai Saye

Uwata, tunda sunan mahaifiyarmu kika ci, bakina ba zai iya kama sunanki ba, balle in yi miki faɗa. Nasiha ce kawai. Matso kusa.

Jiya da kika zo gaishe ni na ga idonki ya kaɗa, waya tana ta kuka a hannunki kina kife ta. Da na matsa, kika ce wata mata ce ta sayi firji na hannu a wurinki, ta biya, aka sa mata a mota zuwa Zariya. Bayan kwana huɗu ta ce ba ya yin ƙanƙara, ta kira ki macuciya, ta ce sai ta watsa hotonki duniya ta gani. Kika ƙara da cewa, "Gwaggo, wannan sana'ar ba irin taku ba ce, ku ido da ido kuke yi." Na yi shiru saboda akwai baƙi. Yau mu biyu ne.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina dillanci, ƙunshi a ka, gida-gida. Atamfar da aka ɗaura sau biyu, leshi, samira, tasa da kumbo, har ɗan kunnen gwal ɗin da mai shi ke son rabuwa da shi ba tare da kishiya ta ji ba. In kaya ya yi nauyi, gado ko sif, sai Kasuwar Rimi. Gwanjo kuwa, Ƙofar Wambai. Ke ƙunshinki ya koma cikin waya: WhatsApp, Facebook, Instagram, wani lokaci Jiji. Amma zuciyar mai saye tana nan yadda na bar ta. Abu ɗaya ne ya bambanta mu. Tawa mai sayen takan warware atamfa ta ɗaga ta a rana, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa kwano ta ji ko ya tsage. Taki hoto kawai ta gani. Saboda haka ke ce idonta, ke ce hannunta, ke ce hancinta. Wanda ya ja wa makaho gora kuwa, in aka faɗa rami shi ake tambaya.

Yawancin rigimar da kike gani, tun kafin ciniki ya faɗa aka shuka ta. Uwar rigimar nan kalma biyu ce: "kamar sabo". Kayan hannu ba sabo ba ne, ke kin sani, mai saye ma ta sani, shi ya sa ta zo wurinki ba ta je kanti ba. Ki faɗi aibin kayanki da bakinki kafin a tambaye ki. Firji ne? Ki ce shekararsa kaza a wurin mai shi, an taɓa ɗura masa gas, robar ƙofar ta ɗan saki. Ki ɗauki bidiyonsa yana aiki, ƙanƙara na ciki. Waya ce? Ki faɗi ƙarfin batir, ki faɗa in an taɓa canza gilashi, ki cire asusun tsohon mai ita, ki danna *#06# ki adana lambar nan mai goma sha biyar da za ta fito, don ita ce shaidar cewa wannan wayar kika sayar, ba wata ba. Kujeru da labule, ki auna da tef, ki ɗauki hoto a hasken rana ba tare da kwalliyar waya ba. Ruwan toka da ya koma ruwan madara a hoto ya raba mutane da yawa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A Islamiyya an karanta mana yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin mai sayar da hatsi, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta kansa da mai algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ita ma ta hana ɓoye aibi, ta kuma bai wa wanda ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba zaɓi: ya riƙe ko ya mayar. Kina tsoron in kin faɗi aibi mai saye za ta gudu. Wadda ta gudu, rigimarki ce ta gudu. Wadda ta tsaya kuwa, ta saya da idonta a buɗe.

Bayan aibi sai sharaɗi. Kuɗi nawa, wa zai biya mota, in kaya ya fashe a hanya asarar wa, kwana nawa aka ba da na gwaji. Duk ki sa a rubuce, ki jira ta amsa da "na yarda". Kiran waya iska ne. In kun yi magana, ki bi ta da saƙo ki maimaita abin da kuka tsayar. Malamai sun halatta a gindaya wa'adin gwaji a ciniki, gwargwadon irin kayan. Ki ba da kwana ɗaya ko biyu ga kayan wuta. Ranar da wa'adi ya cika, kowa ya san kuɗi ya zama naki. Kafin nan ki ɗauke shi kamar ajiya, kada ki taɓa, kada ki miƙa wa mai kaya. Abin da ke sa dillaliya ta yi taurin kai a kan gaskiyar da ta gani da idonta, sau da yawa ba mugunta ba ce: kuɗin ne ya riga ya shige.

Maganar kuɗi kuma, tun canjin takardun naira na farkon 2023, da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, kowa ya koma tiransifa, mazambata ma suka koma tare da mu. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ba kuɗi ba ne. Ki buɗe asusunki da kanki ki ga ya ƙaru, sannan kaya ya fita. Wanda ya ce ya turo fiye da kima ki mayar masa da ragowa cikin gaggawa, ki duba da kyau, galibi bai turo ko sisi ba. Lambar sirrin da banki ya aiko miki, ko uwarki ce ta tambaya kada ki faɗa. In mayar da kuɗi ya kama, ki mayar cikin asusun da ya fito, ba wani da aka kawo miki daga baya ba. A tasha kuma ki ɗauki hoton kaya lokacin lodi, da lambar mota, da lambar direba, ki tura mata nan take. Baƙon da zai zo ganin kaya, kada ki shigar da shi har ɗaki. A fitar masa zaure, yayanki na tsaye.

To, duk da haka rigima za ta zo, domin da mutane kike hulɗa. In ta zo, abu na farko: kada ki amsa jini na tafasa. Ajiye wayar, ki yi alwala, ki sha ruwa. Magana zarar bunu ce, a zamaninku kuwa bunun ma ana adana shi a tura wa dubu. Saƙon muryar da kika yi cikin fushi zai daɗe yana yawo bayan ke kin huce. In kin natsu, ki fara da sallama, ki ce ba ki ji daɗin abin da ya faru ba, ki nemi ta ɗauko miki bidiyon matsalar. Ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne. Daga yadda za ta amsa za ki gane wacece a gabanki, domin masu dawowa da ƙorafi iri uku ne, kowacce da maganinta.

Ta farko mai gaskiya ce, ko da bakinta ba daɗi. Kada zafin harshenta ya rufe miki ido; wadda ta yi wata shida tana zubin adashi ta sayi abu ya ƙi aiki ba za ta zo da murmushi ba. Ita wannan ki ba ta zaɓi: a gyara ki biya, ko ki yi mata ragi, ko ta dawo da kaya ta karɓi kuɗinta. Kuma ki yi da wuri. Na taɓa sayar wa wata mata turmin atamfa, ashe garwashin turaren wuta ya huda ta a cikin ninki, ban gani ba. Ta zo har ƙofar gidanmu tana ɗaga murya, maƙwabta na leƙe. Mai kayan ta riga ta kashe kuɗin. Na kwance bakin zanina na biya ta daga la'adar da na tara, raina na suya. Matar nan, 'ya'yanta uku ta aurar bayan haka, kuma duk ta hannuna aka haɗa musu kayan ɗaki. Rubutun nan da kuke yi a ƙasan hoto, wai in an saya ba a dawowa, ba ya wanke mai ɓoye aibi a wurin Allah. A wurin hukuma ma, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi haƙƙin mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta shi ba.

Ta biyu mai nadama ce. Kaya lafiyarsa ƙalau. Maigida ne ya yi faɗa, ko ta ga mai araha, ko kuɗin makaranta ya taso. Kunya ta hana ta faɗi gaskiya, sai ta laƙa wa kaya laifi. A mazhabarmu ta Malikiyya, in an taya an sallama ciniki ya ƙullu, ba dole a kanki. Amma akwai abin da malamai ke kira iƙala, wato ka karɓi kayanka ka mayar wa mai nadama kuɗinsa don Allah, kuma an yi wa mai yin haka bushara da yafiyar nasa tuntuɓen ranar gobe. In kina da hali, kaya bai canza ba, ta biya kuɗin mota, ki karɓa. In ba hali, ga dabarar dillalai: ki ce mata, "Hajiya, bari in sake ɗora miki shi, in an saya ki karɓi kuɗinki, in cire la'adata." Kin fitar da ita kunya, ba ki yi asara ba. Kada ki tilasta mata ta amsa cewa ƙarya ta yi. Ki bar wa mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Ta uku ita ce macuciya. Ta sa leshi ta je biki, ta dawo da shi da warin turare ta ce bai yi mata ba. Ko a kwance wa waya batir a sa matacce a ce haka aka kawo. Ko kuma barazana: ki rage min rabi ko in tona ki. Alamarta ɗaya, ba ta son kawo shaida, ba ta son na uku ya shiga. Ita wannan maganarki da ita ta zama gajera. Ki tura mata bidiyon da kika ɗauka da sharaɗin da ta amsa, sau ɗaya, ba zagi, ba habaici. Kada ki sayi shirunta da kuɗi, gobe za ta dawo da ƙawarta. Ki ce kin yarda a zauna gaban wani.

Wannan mai shiga tsakanin shi ne abin da kasuwarku ta rasa. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, sama da shekara 500 ke nan, kasuwa ba ta rabu da mai raba gardama ba: ga Sarkin Kasuwa, ga shugaban kowane layi. Su Facebook da Jiji kuwa allon talla ne. Sun haɗa ku, sun koma gefe, kuɗinku bai bi ta hannunsu ba. Don haka ki nemo naki dattijon: wadda ta haɗa ku, ko shugabar zauren da kuka haɗu a ciki, ko mai unguwa. In abin ya girma, Hisba na yin sulhu, kotu ma tana nan. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne ramuwa da watsa hotonta da lambarta. Ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, 'yan kallo kuwa ba sa tantance mai gaskiya, abin da za su riƙe shi ne an gan ki kina dambe a kasuwa.

Akwai kuma cinikin da ribarsa ita ce a fasa shi. Wadda ta kwana uku tana taya abu, ta sa kika ɗauki bidiyo goma, tana kushe kayan tana kuma nacewa, tun ba ta biya ba ta fara maganar dawowa da shi, wannan ta nuna miki gobenta. Ki duba hikimar kasuwarmu: in tayi bai yi ba, ba ma cewa a'a, sai mu ce "albarka". Ƙin sayarwa ma da addu'a muke yin sa. Ki ce mata albarka, Allah ya haɗa ta da wanda ya fi, ku rabu lafiya.

Mu koma kan matar Zariya. Ki tambaye ta: a tsaye direba ya ɗauko firjin ko kwantar da shi ya yi? In an kwantar, ta bar shi ya yi wasu awanni a tsaye kafin ta kunna? Wutar unguwarsu tana da ƙarfi? Kowanne cikin ukun nan yana iya hana ƙanƙara. Ki ce ta kira mai gyaran da ta amince da shi, ke ki biya kuɗin dubawa, ki ji daga bakinsa. In wuta ce, ta ga kin tsaya mata. In injin ne ya gaza, kin san abin yi.

Saura tambaya ɗaya, ita kuma taki ce. Kin gaya mata an taɓa ɗura masa gas?

Na ga kin sunkuyar da kai. Ba komai, Uwata, ni ma sai da garwashi ya koya min warware ninki. Allah ya yi miki albarka, ya sa wa nemanki albarka, ya haɗa ki da abokan ciniki na gari. Ɗauko wayar. Ki fara da sallama.