Abincin da Ke Fita Ta Bakin Sa

Masu kiwon turke, akwai wata asara da ba ta shiga lissafinmu. A aikina na tsara wa shanu abinci, duk wanda na zauna da shi zai lissafo mini kuɗin dusa da harawa da magani har kwabo, amma da wuya ka samu wanda ya san wani kaso na abincin nan gyatsarsa sa yake yi.

A cikin tumbi akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma suna aikin suna samar da iskar metan, wadda sa ke fitarwa ta gyatsa. Tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da sa ya ci a nan yake salwanta. Iskar ba ta tsaya a aljihunka ba: a tsawon shekara 100, tana riƙe zafin duniya kusan ninki 28 na iskar kabon. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka yi alƙawarin rage ta da kashi 30 kafin 2030.

A manyan garaken turke na Amurka, irin na Tekzas da Nebraska, inda ake tara dubban shanu ana ɗura musu masara, asarar kan sauka zuwa kashi 3 ko 4, domin hatsi ya fi busasshen kara saurin narkewa. Sai dai ba na yaba musu gaba ɗaya. Masarar nan da takin zamani aka noma ta, kashi da fitsarin da ke taruwa kuma suna fitar da wata iskar da ta fi metan zafi.

Mu namu gyaran yana hannunmu. San da aka bar shi da karan dawa zalla sai ya daɗe bai yi ƙiba ba, kullum kuma yana gyatsa. Haɗa masa da harawar wake, da dusa, da ƙulin auduga, ka ba shi maganin tsutsar ciki, ya kai kasuwa da wuri.

Kashin kuma, don Allah kada a bari ya jiƙe ya yi ta ruɓewa cikin kwatami. A riƙa kwashewa ana killace shi a busasshen wuri, a kai gona kafin damina.