Halin Igiyar Haske a Iyakar Iska da Ruwa ko Gilashi

Haske da zangon rediyo da na wayar salula duk jinsi ɗaya ne, wato igiyoyi ne na lantarki da maganaɗisu. James Clerk Maxwell ne ya nuna a shekarar 1865 cewa haske yana cikin wannan jinsi. Iska da tataccen ruwa da gilashi kuwa, wutar lantarki ba ta bi ta cikinsu, amma igiyoyin suna ratsa su.

Idan igiya ta iso iyakar biyu daga cikin waɗannan abubuwa, sai ta rabu biyu: wani kashi ya ratsa, wani ya koma baya. Dalili shi ne, tilas ƙarfin lantarki da na maganaɗisu da ke kwance bisa iyakar su zo daidai a ɓangarorin biyu. Kashin da ya ratsa ba ya cika wannan sharaɗi shi kaɗai, sai da wanda ya koma.

A cikin iska haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, a ruwa kimanin 225,000, a gilashi kimanin 200,000. Yawan kaɗawar igiyar ba ya canzawa, tsawon zangonta ne ke raguwa. Saboda haka idan ta faɗo a karkace, gefen da ya riga shiga shi ke fara rage gudu, sai hanyarta ta karye. Shi ya sa cokali a kofin ruwa yake zama tamkar karyayye. Ibn Sahl ya bayyana ƙa'idar wannan a Bagadaza wajen shekarar 984, tun kafin Snell ya sake gano ta a 1621. A nan ya kamata malami ya lura da zaɓen kalma: "lanƙwasa" tana nuna juyawa sannu a hankali, alhali hasken yana sauya hanya ne farat ɗaya a kan iyakar, don haka "karyewa" ta fi dacewa.

Hasken da ya faɗo a tsaye, kashi 4 cikin 100 ne kawai ke komawa daga gilashi, kashi 2 daga ruwa. Komawar tana yawaita ƙwarai idan ya kwanta sosai, shi ya sa tafki yake zama madubi da maraice.

Idan kuwa daga gilashi hasken ya nufi iska, kuma karkatarsa daga layin tsaye ta wuce kimanin digiri 42, to gaba ɗayansa zai koma ciki. A ruwa sai ta wuce digiri 49. Irin wannan komawa ce ke tsare haske cikin zaren gilashi mai ɗaukar saƙonnin intanet.