Kitson da ke hana barci

Matan da ke zuwa mana sashen fata da kukan zubewar gashi, da wuya ka ga wadda ba ta riƙo leda ba: man kaɗe, man kwakwa, karkar, har da wani haɗin da aka sayo a WhatsApp ba suna ba lamba. Sai in ce, "Hajiya, ɗan zame ɗankwalin." Tsakiyar kai gashi dam, amma daga goshi zuwa saman kunnuwa fili ne fetal, fatar tana sheƙi, sai 'yan siraran gashi da suka rage a bakin gaba. Ana ɗora laifin kan rashin mai, wasu ma su ce sammu ne, alhali jan kitso ne ya yi wannan ɓarnar.

Gashin da muke tajewa ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi. Keratin ne, sinadarin da farce ma da shi aka gina shi. Ran yana can ƙasa, cikin wani ɗan rami mai zurfin kamar milimita 4 a cikin fata, inda ƙananan jijiyoyin jini ke ciyar da saiwa. Kan mutum na ɗauke da irin waɗannan ramuka kusan 100,000, kuma da su aka haife shi, ba a ƙara masa ko ɗaya daga baya. Kowace saiwa takan yi shekara 2 zuwa 6 tana fitar da gashi, wajen santimita 1 a wata, sai ta huta kamar wata 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya tsiro. Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda kitsonta ya yi sati uku, ranar tsifa na sati ukun ne take gani dunƙule a mataji.

Mai jego ma ta kwantar da hankalinta. Sinadaran ciki ne suka riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 ya zubo a tare, kuma yakan dawo da kansa.

Zubewar da ja ke jawowa ce ba ta yafiya. Idan aka ɗame kitso, saiwar takan kumbura a cikin raminta. Alamun a bayyane suke: ƙananan ƙuraje a gindin kitson, fatar goshi ta miƙe har gira ta ɗaga, ciwon kai, mace ta kasa ɗora kai a matashi sai ta sha farasitamol. A wannan matakin, da an sassauta, gashi zai dawo. Amma idan aka yi shekara da shekaru ana ja a wuri ɗaya, ramin yakan toshe ya zama tabo, kuma tabo ba man da ke tsirar da gashi a kansa, komai tsadarsa. Nauyin gashin doki na ƙara ta'azzara abin, balle a ɗora shi kan gashin da rilaksa ta riga ta raunana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Yarinya 'yar shekara huɗu tana kuka a gaban makitsiya ana jajiberin salla, uwa na cewa, "Yi shiru, gobe zai saki." Kukan nan gaskiya take faɗa.

Ki ce wa makitsiyarki ta sassauta hannu, ta bar 'yan gashin goshi kada ta tsinto su. A riƙa sauya fuskar kitso, yau shuku, gaba wani, a bar kai ya sha iska tsakanin tsifa da sabon kitso. In ya kai dare yana zafi, a tsefe, ko da an biya kuɗi. Idan kuma kan yaro ya yi faci-faci da farin gari, gashin yana karyewa, wannan makero ne, maganinsa na sha ne na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kai wa saiwa, sai a kawo shi asibiti.