Kafin Ku Tafi Landan, Ku Leƙa Kara

'Ya'yana, na ji cewa wasunku a Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi suna sha'awar zama malaman jami'a, masu nazarin yadda gwamnati da 'yan kasuwa ke cuɗanya a Afirka. Madalla. Sai dai kafin ku fara neman gurbin karatu a Landan, ku leƙa kara.

A can ake sauke shanun Kamaru da Chadi, a loda su a tirela zuwa Kudu. Ku raɓi dillali, ku ga la'adar da yake karɓa. Ku duba rasit nawa ake yanka wa saniya guda, wanne na hukuma, wanne na ƙungiya. Sannan ku sami direba yana shan shayi, ku tambaye shi a hankali abin da yake miƙawa a shingayen hanya, wanda ba a ba shi takarda. Duk wanda ya bi sawun wannan kuɗi har aljihun da ya kwana, to ya fara karatu.

Garinmu na bakin iyaka ne, shi ya sa duk hukuncin da aka yanke a Abuja mukan ji shi a jikinmu. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, wa ya karye, wa ya yi ƙiba? Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ina masu kai fetur Kamaru a jarkoki suka koma? Amsoshin suna bakin 'yan canji da 'yan kwastan da fatake, kuma ba sa faɗa wa mai gaggawa. Ku gyara Fulatancinku, ku koyi Faransanci ko kaɗan ne.

Ku karanta marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Zariya, ku ga yadda ba ya sakin magana sai da hujja.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin malanta a jami'a ba ya tara dukiya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 wata takwas ya yi. Ranar da aljihu ya bushe, mai mulki ko attajiri zai nemi ku rubuta masa abin da yake so ya ji. Ku gaishe shi da ladabi, ku rubuta abin da kuka gani. Ɗan kasuwar da ya ba ku sirrinsa kuma, kada sunansa ya fita daga bakinku. Allah Ya yi muku albarka.