Amsoshin Tambayoyinku: Maƙera a Ƙauyukan Ayalan

Wani mai sauraronmu daga Damagaram, wanda ya ce shi ɗan gidan maƙera ne, yana tambaya ko ƙauyukan Ayalan sun san ƙira irin tamu.

To Malam, sun san ta ƙwarai. Kafin zuwan tarakta, da wuya ka sami ƙauyen da babu maƙera, galibi a mararrabar hanya. Babban aikin maƙerin shi ne sa wa doki takalmin ƙarfe. Zai zuga wuta, ya ciro ƙarfen jawur da awartaki, ya lanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya ɗora a kofaton da zafinsa hayaƙi na tashi, don ya ga ko ya zauna daidai. Har ƙofar wasu maƙerun an gina ta da siffar takalmin doki, kamar ta garin Enniskerry. Yana kuma gyaran garma da sa wa ƙafar amalanke zoben ƙarfe, maza na zaune suna hira. Ruwan da yake tsoma ƙarfe ma, wasu sun ɗauke shi magani.

A tawayen da 'yan Ayalan suka yi wa mulkin Ingila a 1798, maƙera ne suka ƙera wa 'yan tawaye masu, sojojin gwamnati kuwa suka yi wa maƙeran bulala mai tsanani.

Da tarakta ta yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu, dawakai suka ragu, maƙera da yawa suka rufe, abin ban tausayi. Amma sunan McGowan, ma'ana ɗan maƙeri, yana nan har yau.